Koyar da Ingilishi a Nijar: Zumuncin da na yi tsakanin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Ranar da na fara shiga aji a garin Agye da ke jihar Maraɗi, cikin watan Oktoban 2021, na gabatar da kaina a matsayin sabon malamin Turanci. Wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya tambaye ni wane Turancin, domin su a wurinsu Turanci biyu ne, kuma na Faransa ne babba. Daga ranar aka raɗa mini suna Mushe Angale, wato malamin Ingilishi, kuma har yau da wannan sunan lambata take a wayoyin mutanen garin.

Shekarar karatu biyu na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a can. Daga Katsina na fito, kuma duk wanda na gaya wa a gida cewa na samu aiki a ƙasar waje, da ya ji sunan ƙasar sai ya yi dariya. Suna da gaskiyarsu. In ka bar Katsina da hantsi, ka bi ta Jibiya ka tsallaka a Magama, ka wuce Ɗan Isa, kafin azahar kana Maraɗi. Daga nan ka hau motar da ta nufi Damagaram, ka wuce Cadawa, bayan kusan kilomita 80 ka sauka a Agye. Babu inda za ka nemi tafinta a hanya. Duk da haka ƙasar waje ce. Kuɗinsu daban, tsarin makarantarsu daban, kuma tarihin da ka haddace tun kana firamare yana da wata fuskar da sai a can za a nuna maka ita.

Abin da ya sa na waiwayi wannan zama shi ne, a watan Maris na 2025 hukumomin mulkin sojan Nijar ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun daga lokacin matasa masu takardar koyarwa suke tuntuɓata kan ko akwai aiki a can. Aiki dai akwai. Abin da nake ƙara musu shi ne, rabin abin da na samu a Nijar ba a cikin aji na same shi ba, a gidajen abokai na same shi ranakun Asabar da Lahadi, kuma wannan ɓangaren ne yake ta ƙanƙancewa yanzu.

Aji da lissafin dala

A makarantun gwamnatin Nijar yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya gama firamare ya shiga kwaleji, inda zai yi shekara huɗu kafin ya zauna jarrabawar BEPC. Kenan ɗalibina na ajin farko yana fama da Faransanci wanda bai gama zama a bakinsa ba, ga kuma wani sabon harshe da ake rubutawa da baƙaƙe iri ɗaya amma ake furtawa daban. Da farko na yi ta ƙoƙarin bin ƙa'idar kada a yi Hausa a aji. Bayan mako uku na haƙura. Da na bayyana abu da Hausa sau ɗaya, sai ajin ya buɗe.

Kuskurena na farko shi ne gyaran jarrabawa a kan maki 100 kamar yadda muka saba. A can komai a kan 20 ake aunawa, wanda ya ci 10 ya tsallake. Sai da na sake lissafin takardu sama da ɗari a dare ɗaya. Na biyu kuma a kasuwa ya same ni. Mai tumatir ta ce dala ashirin, na miƙa mata abin da nake ganin ya kai, ta tsaya tana kallona. Dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika kuma 1,000. Sai da na yi wata guda ina ninkawa da biyar a zuci kafin in iya sayen gishiri ba tare da an gane baƙo ba ne.

Yaran ma sun koya mini nasu kalmomin. Makaranta lakwal ce, littafin rubutu kaye, biro kuma bik, titin kwalta gudro. Su kuma suna dariyar yadda nake cewa biyar maimakon biyat, da fura maimakon hura.

Na lura waɗanda suka fi naci a darasina 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Iyayensu na saro kaya a Kano da Legas, wasu har Dubai da Sin, kuma sun san inda Faransanci yake tsayawa. Wasu kuma burinsu karatu a Najeriya ko Ghana, ko a jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, wadda ake koyarwa da Ingilishi a cikinta.

Wata guda da fara aikina, ranar 8 ga Nuwamban 2021, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata firamare a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Makarantarmu ginin siminti ce, amma yawancin abokan da na yi daga baya malaman kwantiragi ne a makarantun gwamnati, kuma da yawansu a irin waɗannan rumfunan kara suke koyarwa. A makon da abin ya faru babu hirar da ake yi a fada, wato majalisar shayi ta matasa, sai ita. A nan na fara sanin malaman da suka zama sanadin yawona.

Ƙurar aya da gawon Ɗan Saga

Agye ba garin da baƙo zai zo ya ce a kai shi wurin kallo ba ne. Babu dutse, babu tafki, babu tsohon gini mai jan ido. Abin kallonta yana cikin gonaki.

Wani malamin lissafi ne ya fara gayyata ta ƙauyensu bayan kaka. Tun daga nesa na hango ƙura ta turnuƙe gona kamar ana sukuwa. Ashe haƙar aya ake yi. Yankin Agye da Cadawa da Gazawa shi ne cibiyar noman aya a Nijar. Idan ta nuna sai a ƙone ganyen, a kwashe ƙasar saman, a riƙa tankaɗe ta da rariya har ayar ta fita. Mata ne suka fi yawa a aikin, fuskokinsu fari fat da ƙura, wasu da goyo. Na karɓi rariya don in gwada, ban yi minti goma ba tari ya kama ni, matan suka yi ta shewa.

Ayar da muke tauna a Katsina da Kano, da wadda ake yin kunu da ita a azumi, kaso mai yawa daga irin waɗannan gonakin take fitowa. Wata ma har Sifaniya ake kai ta, inda ake yin wani farin abin sha da ita a yankin Balensiya. Mahaifin abokina ya ce sun san tana tafiya nesa, amma su iyakarsu kasuwar gari, kuma kuɗin buhu a lokacin kaka ba ya kama ƙafar abin da ɗan kasuwar da ya ɓoye ta zai samu bayan wata biyar. Ya kuma koka cewa ayar na cinye ƙarfin ƙasa, sai an zuba taki sosai kafin gero ya yi kyau a inda aka noma ta.

Ziyarar da ta fi tsaya mini a rai a gundumar ita ce ta Ɗan Saga. Ƙauye ne da masana harkar gandun daji daga ƙasashe daban-daban suke zuwa gani, ni kuwa da nake kwana kusa da shi ban taɓa jin sunansa ba sai da wani ɗalibina ya ce in zo in gaida kakansa.

Abin da ake zuwa gani shi ne itatuwa a tsakiyar gonaki: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 yankin ya zama fili fetal, iska na binne shuka sai an yi ta maimaita ta. Sai manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, su riƙa kula da su har su zama itace. Suna kiran abin sassaben zamani. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zauna a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar tun daga 1983, har ya samu lambar yabo ta duniya a kanta a 2018. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan biyar a kudancin Nijar ta wannan hanya.

A Ɗan Saga sun ƙara da kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, kuma wanda aka kama yana sara ba izini akwai tara a kansa. Kakan ɗalibin nawa ya zaga da ni gonarsa yana nuna mini kowane gawo kamar yana gabatar da 'ya'yansa. Da na ce masa, "Baba, ai mu ma muna da gawo a Katsina," sai ya tambaye ni ko muna da mai gadinsa. Ban samu amsar ba shi ba. Na tuna tirelolin gawayi da nake gani a hanyoyinmu, na ja bakina na yi shiru.

Gazawa, inda wutarmu take sauka

Daga Agye zuwa Gazawa tafiya ce kaɗan a kan babban titin da ya nufi Tasawa. A da duk gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka ba Gazawa tata, tare da Gangara. Nan na fi zuwa, saboda wani malamin Faransanci da muka ƙulla yarjejeniya: ni in koya masa Ingilishi, shi ya koya mini abin da zan iya cike takardar sakamako da shi in kuma fahimci abin da ake cewa a taron malamai. A gaskiya ya fi ni cika alkawari.

Shi ya kai ni kwarin Gulbin Kaba a kan babur. Sunan gulbi ne kawai, yawancin shekara babu ruwa a samansa, amma goruba ta cika shi, kuma daga kabarta ake saƙa tabarma da igiya da faifai da ake kaiwa kasuwannin yankin har da namu na kan iyaka. A hanyar dawowa ya nuna mini tashar wutar lantarki ta Gazawa. Layin da ya taso daga Katsina nan yake sauka, daga nan a raba wuta zuwa Maraɗi da Damagaram. Na yi masa ba'a cewa ashe da wutarmu suke taƙama. Ya ce to ai su sun fi mu ganin ta. Wannan ma ban musa ba.

Kudu da Gazawa, a ɓangaren Najeriya, akwai Ɗankama ta ƙaramar hukumar Kaita. Mu a Katsina mun san ta da kasuwa. A gidan abokina kuwa wani kawunsa ya ba ni labarinta ta wata fuskar: nan ne sarakunan Katsina na Haɓe suka yi tsayuwar ƙarshe bayan mayaƙan jihadi sun karɓe birnin a wajen 1807, kuma nan ne, kamar yadda ake bayar da labari, Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya. Wanda ya gaje shi, Ɗan Kasawa, shi ya ja sauran jama'a suka bi ta Damagaram, daga baya suka kafu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku ne kuka zauna a gidan, mu ne muka fito da sunan." Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu.

Ban taɓa kwana a masauki na kuɗi ba a duk yawon nan. In ka je gidan aboki, ɗakinsa naka ne, uwarsa za ta aiko da hura da rana, da dare tuwon gero, da safe kuma ba za a bar ka ka tafi ba sai an ƙulla maka wani abu a leda, ko aya ko riɗi ko ƙuli-ƙuli. Ni kuma abin da nake riƙewa shi ne goro da sukari da ganyen shayi. Wanda ya je hannu rabbana ba za a ce masa komai ba, amma za a lura.

Tibirin Gobir

A hutun ƙarshen Disamba na farko ban koma gida ba, na nufi yamma. Lokacin ne ake gasar kokawar gargajiya ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara tun 1975, kuma duk tashar da ka tsaya za ka tarar an kewaye rediyo ko talabijin. Mutanen Maraɗi ba sa gajiya da tuna maka cewa nasu ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaukar takobin, kuma sunansa filin kokawar birnin yake ɗauke da shi.

Tibiri tana da nisan kilomita goma da 'yan kai daga Maraɗi, a cikin gundumar Gidan Rumji. Mai masaukina a can Bazabarme ne da gwamnati ta turo koyarwa, kuma tun daga tasha na ga abin da ban saba gani ba. Mai shayi ya ce masa bawansa ya iso, shi kuma ya mayar masa da cewa Bagobiri bai isa ya yi magana ba sai ubangidansa ya sha shayi kyauta. Na zaci faɗa za a yi. Ashe wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa ne, irin wanda muka sani tsakanin Gobirawa da Yarbawa. A Nijar sun ɗauki wannan wasa da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa a 2014.

Tibiri ita ce mazaunin Sarkin Gobir a Nijar. A makaranta an koya mana cewa Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, daga nan littafin ya juya shafi zuwa Sakkwato. A Tibiri labarin bai ƙare a nan ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da yaƙi kusan shekara 30, har zuwa karon Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta ci su tare da abokan ƙawancensu na Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali ya rasu a fagen. Bayan haka ne Mayaƙi ya tattara waɗanda suka rage ya kafa Tibiri kusa da Maraɗi, garuruwan biyu suka zama sansanin waɗanda daular Sakkwato ba ta taɓa mallaka ba har zuwan Turawa.

Na zauna a ƙofar fada da yamma tare da wasu dattawa masu tsagen Gobir a kumatu, suna lissafo sarakuna ɗaya bayan ɗaya, suna kuma yi mini bayanin sarautar Inna, macen da ke da babban matsayi a masarautar tun zamanin da. Mutane ne masu salla da azumi kamar kowa, kuma ban ji wanda ya zagi Shehu ba. Amma a bakinsu kakanninsu ba waɗanda aka ci da yaƙi ba ne, mutane ne da suka ƙi barin sarautarsu. Ni da na taso da jin ɓangare ɗaya, zaman ya yi mini nauyi da farko. Daga baya na ga babu abin da ya rage ni da shi don na saurara. Ina ganin duk ɗalibin tarihi a Sakkwato ko Katsina ya kamata a ce ya taɓa yin wannan zaman ko sau ɗaya.

Washegari muka gangara fadamar Gulbin Maraɗi, inda lambunan zogale suke jere. Ruwan gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Masu lambu sun yi mini ƙorafin cewa tun da aka datse shi a wajenmu ruwan ba ya zuwa kamar da. Ko'ina na je a yankin nan sai an ba ni saƙon da zan kai wa Najeriya, kamar ni ne jakada.

Gidan Rumji: inda aka fara ja mini kunne

Daga Tibiri zuwa garin Gidan Rumji titi ne mai kyau, wanda ya wuce zuwa Madawa da Birnin Ƙonni. Amma a nan ne karon farko da mai masauki ya gindaya mini sharuɗɗa. Kada in sauka daga gudro in nufi kudu. Kada la'asar ta same ni a ƙauye. Kada in riƙa faɗa a tasha cewa ni malami ne daga Najeriya mai ɗaukar albashi.

Dalili a bayyane yake. Gundumar tana iyaka da gabashin jihar Sakkwato, wajen Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka addaba. Tun daga 2019 mutane ke tsallakowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma kafin ƙarshen wannan shekarar hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce adadinsu ya haura 40,000 a jihar Maraɗi. Ƙauyukan kan iyaka ne suka fara karɓar su, gida-gida, kafin a mayar da wasu wuraren da aka tanada nesa da iyaka, irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. 'Yan bindigar kuma ba su tsaya a iyaka ba, suna tsallakowa su kore shanu su ɗauki mutane a ɓangaren Nijar.

Da yawan waɗanda suka gudo Gobirawa ne, waɗanda suka karɓe su ma Gobirawa ne. Sabon Birni da Tibiri gida ɗaya ne da ya rabu. Layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ya bi ta tsakaninsu ne kawai.

A kasuwar garin wani yaro mai tallan ruwa, da ya ji abokina ya kira ni Mushe Angale, ya matso ya gaishe ni da gaisuwar safiya ta Ingilishi, da irin waƙar da ake rera ta a firamarenmu. Na tambaye shi ajinsa, ya ce aji huɗu yake lokacin da suka gudo. A nan in zai koma makaranta sai dai ya faro da Faransanci tare da ƙannensa, shi kuma ya ce ya girma. Na daɗe ina tunanin yaron nan. Ni an ɗauko ni daga Katsina ana biyana don in koya wa 'ya'yan masu hali harshen da shi ya fara koya kyauta a ƙauyensu, ga shi yana mantawa da shi a bakin kasuwa.

Wani abokin aikinmu da ke koyarwa a wani ƙauye kudu da garin ya gayyace ni sunan ɗansa. Na so zuwa ƙwarai, mai masaukina ya hana. Muka aika da gudummawa ta hannun mai babur. Wannan ita ce gayyata ta farko da na ƙi amsawa a Nijar, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Waɗanda suka riga mu

Ba mu ne farkon baƙin da suka koyar da Ingilishi a wannan yanki ba. Dattawa da dama sun ba ni labarin samari da 'yan matan Amurka na ƙungiyar sa-kai ta Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962, kuma rukunin farko malaman Ingilishi ne. Sun zauna a ƙauyuka, sun koyi Hausa, an raɗa musu sunayen gida, suna hawa motocin kasuwa su kai wa junansu ziyara kamar yadda nake yi. A watan Janairun 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai, aka kwashe su gaba ɗaya, kuma ba su dawo ba. Wani tsohon darakta ya ce mini da ya ga na fara yawon ƙauyuka sai na tuna masa da su, bambancin kawai ni ba a bin ni a baya ana kallo.

Bayan 26 ga Yuli

Na dawo gida hutun ƙarshen shekara a farkon Yulin 2023 da niyyar komawa a Oktoba. Ranar 26 ga watan sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar. Abokina na Gazawa ya kira ni a daren da garin ya yi duhu, bai ce komai a kan siyasa ba, ya dai tambaye ni ko na tuna ba'ar da na yi masa a gaban tashar wuta.

Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Kafin nan makarantar ta ɗauki wani, ni ma na kama wani aikin. A ƙarshen Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Har yanzu ana shiga ana fita, amma tambayoyi a shingayen jami'an tsaro sun ƙaru, kuma wanda zai je aiki yanzu ina ba shi shawara ya riƙe fasfo ko takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi, ya kuma tabbatar an rubuta yarjejeniyar aikinsa a takarda, da adadin albashi da watannin da za a biya, domin wasu makarantun kuɗi ba sa biyan watannin dogon hutu. Ta fuskar kuɗi kam abin ya fi da daɗi: lokacin da na je jika ɗaya kusan daidai take da Naira 1,000, yanzu ta haura Naira 2,000. Ana kuma ci gaba da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda in ya kammala zai bi ta Katsina da Jibiya.

Ta fuskar tsaro kuwa, hanyar Jibiya da nake bi ba tare da tunanin komai ba ta zama wadda ake tambayar labarinta kafin a hau. A watan Agustan 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi a yankin Sabon Birni. Mai masaukina na Tibiri ya ce mini an yi zaman makokinsa a can kamar a garin aka yi rashin.

Na koma ziyara bayan ƙaramar sallar 2025. Agye da Gazawa na same su yadda na bar su, na kwana biyu a kowanne, na sha hura har na gaji. Abokina na Gidan Rumji kuwa cewa ya yi kada in ƙaraso, shi zai zo Maraɗi mu haɗu. Muka yi hirar awa uku a wata rumfar shayi kusa da babbar kasuwa, ya duba agogo ya ce zai tashi don ya isa gida da rana. Malamin da na ƙi zuwa sunan ɗansa ya bar ƙauyen, ya dawo da iyalinsa cikin gari.

A Agye na haɗu da yaron da ya tambaye ni wane Turancin. Ya yi tsawo har ya fi ni, yana shirin zana BEPC, kuma da Ingilishi ya gaishe ni har ƙarshe ba tare da ya kauce ba. Ya roƙe ni ƙamus na Ingilishi da Hausa, domin wanda ake samu a wajensu na Ingilishi da Faransanci ne. Da na dawo Katsina na saya, na rubuta sunansa da na makarantar a bango, na bai wa wani direban Maraɗi a tasha. Bayan kwana huɗu ya kira ni da wayar babansa ya ce ya iso.